Sawun Wayar Maharazu

Ana tsakiyar addu'ar uku, liman bai kai ga shafa fatiha ba, wayoyin mutanen gida mai lamba goma sha huɗu suka yi ƙara a lokaci ɗaya. Waɗanda suka leƙa nasu suka daskare. Saƙo ne ya shigo zauren WhatsApp na maƙwabta, kuma sunan da ke kansa na mutumin da aka taru ana yi wa addu'a ne.

"Jama'a na samu kifi. Da la'asar zan raba wa kowa lambar sirri. Ina hanya."

Maharazu kuwa kwanansa uku a ƙasa. Ranar Juma'a mota ta buge shi a bakin kasuwar kifi ta Kado, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mai motar ya gudu. An tsinci ledar kifinsa da hularsa da takalmi ƙafa ɗaya. Wayarsa ce kawai ba a gani ba, kuma 'yan sanda sun faɗa wa dangi cewa duk wanda wayar take hannunsa ya san yadda aka yi.

Malam Yahuza maigadi yana tsaye a bakin get, yana kallon yadda tsoro ke bin sahun mutane ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta fara salati da ƙarfi. Wani ya ce fatalwa ce, liman ya tsawata masa. Yahuza bai iya karatun boko ba, sai da aka karanta masa. Da ya ji "ina hanya", sai da ya waiwaya ya dubi titi. Ya ji kunyar kansa daga baya, domin shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata a dajin Batsari kafin masu babura su kore su daga gari, kuma bai taɓa bin sawun da ya ƙare a wurin aljani ba. Kowanne a ƙofar mutum yake tsayawa.

* * *

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ranar bakwai ma wayar ta motsa. Talatu, matar marigayin, tun bayan addu'ar uku take tura wa lambarsa saƙonni, irin abin da baƙin ciki ke sa mutum ya yi. Duk suna nan da alama ɗaya, ba su isa ba. Ranar bakwai da baƙi suka watse ta duba, ta ga kowanne ya koma alama biyu. Ta kira, ba ta shiga ba. Ta ƙwalla ƙara, mata suka rugo, kafin magariba labari ya gama layin.

Alhaji Abdulhakim, yayan Maharazu da ya zo daga Funtuwa, bai yarda da fatalwa ba. Ya yarda da abin da ya fi fatalwa muni.

"Ruwa ba ya tsami banza," ya ce, a tsakar gida, yadda kowa zai ji. "Wayar tana cikin gidan nan. An ji su suna faɗa daren Alhamis, har ba ta raka shi ƙofa ba da safe. Ko ita ta tura wanda ya yi, ko ta san shi. Zan dawo ranar arba'in. In ba ta fito da wayar ba, Rumasa'u ba za ta ƙara kwana a hannunta ba, da ita zan tafi."

Rumasa'u shekararta biyar, ita kaɗai Allah ya ba su. Tana zaune a dokin ƙofa tana wasa da murfin kwalba, ba ta san da ita ake ba.

Mutum ɗaya ne ya yi ƙoƙarin sa baki, Tawfiq, aminin marigayin tun suna makaranta, yanzu babban ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya. Shi ya biya kuɗin likkafani, shi ya shiga kabari ya karɓi gawar. Ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, zato zunubi ne." Sai ya fita yana share ido. Mutane suka ce Allah sarki, aminci ke nan.

Washegari Yahuza ya tsaya a bayan labulen falo, tunda mai takaba ce, ya yi sallama.

"Maman Rumasa'u, tambaya ɗaya zan yi miki, ki gafarce ni. Faɗan me kuka yi?"

"A kan wancan abin ne, Baba Yahuza." Ya san akwatin intanet ɗin da ke saman taga take nufi. "Na ce masa raba sabis da maƙwabta zai ja mana shige da fice, kowa ya ga dama ya ƙwanƙwasa mana ƙofa wai abu ya tsaya. Ya ce ba ni da zumunci. Na yi fushi. Da safe ya ce zai sayo mini tarwaɗa, na juya masa baya. Duk saƙon da nake tura masa, ya yafe mini nake cewa. Wallahi ban ga wayarsa ba."

Yahuza ya ji tausayi ya kama shi. Ya sha jin rantsuwar ɓarayi, ya san tana da tsawo da ado. Wannan gajeriya ce.

* * *

Akwatin kuwa Yahuza ya san shi, don a gabansa aka kafa shi. Ranar Alhamis ɗin nan, kwana ɗaya kafin rasuwar, masu kamfani suka ja waya daga turken titi zuwa falon Maharazu suka tafi. Sauran aikin ya ce da hannunsa zai yi. Ya zauna a ƙasa da takardar bayani, ya buɗe kwali ya fito da rauta, farin abu mai kunnuwa biyu a tsaye kamar na zomo. Ya gwada shi a kan talabijin, sabis bai kai ɗakin baya ba. Ya mayar saman taga, ya haɗa masa ɗan batir saboda ɗauke wuta, ya sa masa suna Gidan Zumunci. Gida huɗu ne a cikin katangar, kuma burinsa kowa ya samu. Ya sauya lambar sirrin da abin ya zo da ita, ya sa a wayarsa kaɗai, ya ce sauran sai gobe in an ci kifi.

Sannan ya kira Yahuza. "Baba, zo ka ga irin naka sawun, amma wannan a iska yake tafiya."

Ya ɗaga waya sama yana zagaya gida, Yahuza na biye da gawayi yana zana alama a bango duk inda aka ce ya zana. Ƙofar maƙwabciyarsu Cynthia, sabis sanda uku. Bakin get, sanda biyu. Suka fita waje. A gindin darbejiyar da ke jikin katanga, daidai saitin tagar, sanda ɗaya. Taku biyar gaba da bishiyar, babu komai.

"Nan ne iyakar gonata," in ji Maharazu yana dariya. "Daga yau ko data ba zan ƙara saya ba. Wayata da ta shigo nan za ta gane gida da kanta."

Wannan maganar ce ta dawo wa Yahuza yana shara. Ya ajiye tsintsiya ya nufi ƙofar Cynthia.

* * *

Cynthia 'yar Binuwai ce, tana aikin kwamfuta a wani ofis, Hausarta ta kasuwa ce amma tana kai ta inda za ta. Ta saurare shi, ta buɗe baki.

"Baba, kai ne ka fi mu sense. Message ɗin ba yau ya rubuta ba, tun a Kado ya rubuta, babu data, sai ya tsaya a cikin waya. Da waya ya ga wifi na gida, sai ya tafi."

"To ba daga lahira ya zo ba ke nan."

"Daga compound ɗin nan ya zo. Amma Baba, wannan zai ƙara sa Madam a wahala fa. Alhaji zai ce ai ya faɗa."

"Akwatin yana riƙe wanda ya shigo da lokacin da ya fita?"

Da izinin Talatu ta shiga falo da kwamfutarta, ta jona ta da waya a bayan rautar, ta yi ta danne-danne. Yahuza yana daga ƙofa yana kallon koriyar fitilar abin tana ƙiftawa, ita kaɗai a gidan ba ta san mai ita ya mutu ba. Can Cynthia ta ce waya ɗaya ce tak ta taɓa hawa, sunanta Baban Rumasa'u. Ta hau ranar Alhamis, ta sauka Juma'a da safe. Ta dawo ranar uku, awa biyu. Ranar bakwai, awa ɗaya da rabi.

"In a ɗakin Madam yake, da kullum zai hau," in ji ta. "Sai dai in tana kashewa."

"Haka Alhaji zai ce. Babu wata rana?"

Ta ƙara dubawa. "Akwai. Talata da ya wuce, ƙarfe biyu saura. Minti huɗu kawai."

* * *

Ƙarfe biyu saura na Talata Yahuza yana masallacin ƙarshen layi. Mutum ɗaya ya shiga gidan a lokacin, Sale mai ruwa, wanda ke turo kurarsa duk ranar da famfo ya ƙafe. Sale ya zo addu'ar uku, ya zo ta bakwai, kuma ƙaninsa yana dako a Kado. Da maganar ta fita, matasan layi suka yi masa ca, har an fara neman sanda.

Yahuza ya shiga tsakani, ya ja shi gefe. Sale yana kuka kamar ba magidanci ba. Ya zazzage aljihunsa, ya kwance jarkokinsa, ya kai su ɗakin da yake kwana aka ɗaga katifa. Babu komai sai ƙaramar wayarsa mai tocila, an ɗaure ta da roba.

"Ka ga wani a waje ranar?"

"Wallahi Baba ban lura ba. Kamar dai akwai mota a gindin bishiya, mai ruwan toka. Gilas a rufe."

Rabin motocin Abuja ruwan toka ne. Mai kifin da Yahuza ya je ya samu a Kado ita ma abin da ta ce ke nan: ruwan toka, kowa ya fake saboda ruwa, ta ji ƙara sau biyu, ta farko mai taushi, ta biyu kamar taya ta daki bakin kwalbati ta fashe.

A motar haya ta komawa Gwarinpa, Yahuza ya rufe ido ya koma ranar Talata. Yana da wata ɗabi'a da mutanen gidan ke yi masa dariya a kanta. Kullum da safe sai ya share ƙasar gaban get har gindin darbejiya, ya bi ta da bayan tsintsiya ya lallaɓe ta sumul, kamar mai shirin shanya gari. Ba tsabta ce ta dame shi ba. Haka yake yi a bakin garke tun yana saurayi, don duk abin da ya wuce ya bar sunansa. Kuma damina ce, ƙasa na da laushi.

Ranar Talatar, da ya dawo daga masallaci, ya ga sawun kurar Sale, ya ga silifas ɗinsa mai cinyayyen dunduniya. A gindin bishiya ya ga sawun mota. Tayoyi uku sun siɗe, ta gaba ta hannun dama sabuwa fil, zanenta kamar ƙayar kifi. Ganyen da ya faɗo a bayan motar bai taku ba, wato ba ta daɗe ba. Abin da ya tsaya masa a rai tun ranar, bai san dalili ba sai yanzu: babu sawun ƙafa ko ɗaya a gefen ƙofar direba. Mutum ya zo har ƙofar gidan mutuwa, ya zauna minti huɗu a mota, ya kasa fitowa.

Ranar Juma'a ya tafi babban masallacin unguwa da wuri, inda yawancin masu zuwa gaisuwar suke salla. Ya bi layin motoci a sunkuye, ɗaya bayan ɗaya, har wani ya miƙo masa sadaka yana zaton nema yake. A layi na uku ya ga ƙayar kifin. Ya shafa bamba, fenti sabo ne, santsinsa ya fi na ƙofa. Ya koma gefe ya jira a idar da salla. Da ya ga wanda ya zo ya buɗe motar, sai ya ji da ma bai iya bin sawu ba.

Bai faɗa wa kowa ba. Maganar maigadi ba ta ture ta mai babbar riga, kuma waya abu ce da ake jefawa a kwata cikin ƙiftawar ido. Dole sai Alhaji ya ji da kunnensa.

* * *

Ranar arba'in aka kafa rumfa a tsakar gida, ta cinye wurin ajiye motoci. Tun da sassafe Yahuza ya jera duwatsu a gindin darbejiya, duk wanda ya zo zai tsaya ya ce masa an kama wurin. Da motar da yake jira ta iso, ya kwashe duwatsun da hannunsa, ya ce, "Ga inuwa, ranka ya daɗe."

Alhaji Abdulhakim yana sahun gaba. Jakar kayan Rumasa'u tana bakin ƙofa, an riga an ɗaure. Sale yana can ƙarshen tabarma, ba mai zama kusa da shi. Cynthia ta leƙo ta tagar falo, ta gyaɗa wa Yahuza kai sau ɗaya.

Da aka shafa, kafin a fara rabon waina, Yahuza ya miƙe. Bai taɓa magana a gaban manya irin waɗannan ba.

"Alhaji, a gafarce ni. Kafin a tafi da yarinya ina roƙon abu ɗaya. Kowa ya yi shiru, mahaifiyarta ta kira mijinta."

"Wane irin shashanci ne wannan?" in ji Alhaji.

"Ka ce wayar tana ɗakinta. In a ɗakinta ta yi ƙara, ni da kaina zan ɗora jakar nan a mota."

Liman ya ce a bari a gani. Gidan ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwan daren jiya daga indararo. A bayan labule Talatu ta danna kiran WhatsApp, wanda ba ya buƙatar layi, sabis kawai yake nema.

Sai wata 'yar murya ta taso daga bayan katanga, siririya, tana dariya.

"Baba, ɗauki, Mama ce! Baba, ɗauki, Mama ce!"

Muryar Rumasa'u ce, wadda uban ya naɗa ya mayar ƙarar kiran matarsa. Mata suka fashe da kuka. Ita Rumasa'u ta zabura ta nufi get da gudu tana kiran Baba, sai da Yahuza ya tare ta ya ɗauke ta. Maza suka fita. Muryar tana fitowa daga aljihun gaban mota mai ruwan toka, a gindin darbejiya, daidai alamar gawayin da ruwa bai gama wankewa ba.

Mutum ɗaya ne bai tashi daga tabarma ba. Tawfiq yana zaune, hannuwansa a buɗe kamar bai gama addu'a ba.

Ba a tambaye shi ba, shi ya fara. "Ni na ce ya jira ni in ɗauko shi saboda ruwa. Ina kiransa in ji inda ya tsaya, idona a kan waya. Ban gan shi ba. Na fito na same shi a ƙasa, wayar na hannunsa tana ƙara, sunana a kai. Na ɗauke ta na gudu. Na cire layin, na ce shi ke nan, ba mai gano ta."

"Me ya hana ka jefar da ita?" in ji liman, a hankali.

"Akwai Alƙur'ani a ciki, Malam, ina zan jefa? Kuma tana kiran salla sau biyar. Na bar ta ta mutu sau ɗaya, na kasa barci, na sa mata caji. Ranar Talata na zo in kawo ta, na kasa buɗe ƙofa."

"Kana zaune," in ji Alhaji, "ina cewa zan raba uwa da 'yarta, kana ji?"

Yahuza ya dubi Tawfiq ya rasa ko tsana ce yake ji ko tausayi. Mutumin ya ji tsoron jefa waya a kwata, amma kwana talatin da uku yana kallon ana jefa mace.

Aka aika a kira 'yan sanda. Alhaji ya je da kansa ya kama hannun Sale ya nemi gafara, sannan ya tsaya a bakin labule ya daɗe, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Talatu, a mayar da jakar nan ciki."

Kafin jami'ai su iso, Yahuza ya roƙa a ba ta wayar ko na minti ɗaya ne. Ya ba Rumasa'u ta kai, shi ya tsaya inda ya saba tsayawa. Gilashin wayar ya tsage a kusurwa. Talatu ta sa ranar haihuwar 'yarta, wayar ta buɗe. Saƙonninta na duk kwanakin nan suna jere, ba wanda ya karanta. A ƙasansu, a gurbin rubutu, akwai wanda aka fara ba a gama ba. Ta karanta a fili, ba don kowa ba.

"Maman Ruma, ni ne da laifi, da na tambaye ki tukuna. In na dawo"

Iyakarsa ke nan. Talatu ta ɗora yatsa ta danna alamar turawa. A saman taga koriyar fitilar ta ƙifta, sai tata wayar, da ke kan cinyarta, ta yi ƙarar shigowar saƙo.